Farin Tabo a Takardar Tanti Gaisha

Duk yarinyar da ta tare ni a bakin famfo maganarta ɗaya ce, wai in yi mata hanya a labo, ita ma ta sa farar riga ta riƙa leƙa madubin ganin ƙwayoyin cuta. Har wata ta ce mini ai aikin namu zama ne a inuwa kusa da firigo. To ku saurara. Shekaruna goma sha bakwai, uku daga cikinsu a ɗakin gwajin nan na ƙarar da su, kuma shekara ɗaya a can daidai take da goma a waje. In kun yi lissafi za ku ga na kusa zama sa'ar iyayenku, sai ku gyara zama.

Aikin farko da aka ba ni wanke kwalaben fitsari ne. Babana mutumin Damagaram ne, yana da shago a kasuwar Tamanrasset, a kudancin Aljeriya, kuma da na bar lekkol, wato makaranta, can nake wuni ina ƙulla wa mutane sukari da ganyen shayi a leda. Tanti Gaisha, 'yar Agadas da ke riƙe da labo a ƙaramin gidan likitan da ke bayan unguwarmu, a wurinmu take sayen shayi. Wata rana ta ji ina musu da wani Balarabe da Larabci, na juya na yi wa wani almuri tas da Hausa, sai ta ce wa Baba wannan bakin ya fi ƙarfin shago, ya ba ta ni in riƙa yi mata tafinta da masu jinya. Na tafi da murna. Wata huɗu na yi ina tafinta tsakanin buroshi da kwalba. Fitsarin da na zubar a watannin nan, da garakan dabinon ƙauyen Tit aka kai shi, da yanzu dabinonsu ya kai girman kankana.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Akwai kokot, tukunyar nan mai murfin ƙarfe da matan Larabawa ke dafa wake a ciki, mu kuwa kwalabe da farantai muke dafawa don kashe duk abin da ke jikinsu. In ta fara huci har akuyar maƙwabta sai ta bar cin kwali ta saurara. Akwai akwatin ɗumi, mai riƙe zafi daidai da na jikin mutum. Akwai waya mai ɗan zobe a baki, wadda ake ƙonawa a wutar gas har ta yi ja kafin a taɓa komai da ita. Sai farantan gilashi masu murfi, da ake zuba wa wani abinci mai kama da kunun da ya daskare. A kansa muke shuka. Shuka muke cewa, don mu ma manoma ne, sai dai abin da muke nomawa ba mai son ya ci.

Ga yadda noman yake. A ɗebo mugunya ko fitsarin mai ciwo, a ja shi da waya a kan faranti, ya kwana a akwatin ɗumi. Washegari ƙwayoyin cutar sun tsiro ɗigo-ɗigo kamar an watsa gero. A ware wadda ake zargi a sake shuka ta ita kaɗai, kwana na biyu ke nan. Sannan a jera mata magunguna iri-iri, kowanne ɗan fai-fai kamar maɓallin riga, ta sake kwana. In ta guji maɓalli ta bar fili kewaye da shi, wannan maganin na kashe ta. In kuwa ta tsiro har jikinsa ta yi zamanta, to ta gagare shi, ko buhu guda aka ba mutum wahalar banza ce.

Kwana uku ba komai ba ne ga mai gida a gari. Amma masu zuwa wurinmu yawancinsu samarin Nijar ne 'yan gini da leburanci, yau suna nan, gobe babbar mota ta kwashe su. Kafin su zo ma sun sha kapsol mai kai ja da baƙi na 'yan tebur, biyu yau, ɗaya jibi, in ciwo ya lafa su ajiye saura don aboki. Tanti takan ce wannan ba kashe ƙwaya ba ne, koya mata dambe ne.

Wani ɗan Maraɗi ya taɓa zuwa da ciwon mara, yana fitsari yana riƙe bango. Lokotoro, wato likitanmu, wani dogon mutumin arewacin Aljeriya da ba ya dariya sai ranar idi, ya ba shi magani ya ce ya dawo bayan kwana uku. A rana ta huɗu faranti ya nuna ƙwayarsa ta gagari maganin da aka ba shi. Na zagaya gidan da 'yan Maraɗi ke kwana, aka ce ya bi mota arewa tun shekaranjiya, kuma ba wanda ke da tarho balle a kira shi. Tanti ta ninke sakamakon ta sa a aljihun teburinta na ƙasa. Aljihun nan cike yake da irinsu, har ba ya rufuwa sai an tura da ƙafa. Shi ya sa ta tashi neman hanyar da za ta rage kwanakin.

Abin da ta dogara da shi a wani tsohon littafinta na makaranta ta gan shi, ba ita ta ƙago ba, amma mayar da shi abin da zai yi aiki a ɗakinmu ya ci mata kusan shekara biyu. Ƙwayar da ta gagari penisilin, tana da wani abu da take fitarwa ta lalata shi. To sai a jiƙa takardar tace ruwa da sitaci, irin na guga, haɗe da penisilin, a shanya, a yanka ƙanana kamar tsawon yatsa. Da safen da ƙwaya ta fara tsirowa, a lakato ta da waya a shafa a tsakiyar takarda, a jira minti goma, a ɗiga aidin. Kun san sitaci in ya gamu da aidin shuɗi yake yi, har ya so yin baƙi. In takarda ta yi shuɗi duka, penisilin na nan da ransa, zai yi aiki. In wurin da aka shafa ya fito fari, ƙwayar ta cinye shi. Amsa a kwana ɗaya maimakon uku.

A baki ke nan. A hannu kuwa mun gwada sitacin rogo ya yi kauri, takarda ta zama ƙosai. Mun gwada na shinkafa ya yi ruwa. Mun shanya a rana penisilin ya mutu, mun shanya a ɗaki ƙuda ya yi bincikensa kafin mu yi namu. Yatsuna sun yi wata shida da launin aidin, har Inna ta daina saya mini lalle. Da abin ya daidaita, Lokotoro ya kafa sharaɗi: duk takardar da aka yi, a ci gaba da faranti har kwana uku a ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Wata da watanni suna zuwa ɗaya. Daga nan ya fara buɗe kabad a kan maganar takarda.

Kabad ɗin nan sai na yi muku bayaninsa. Penisilin muna da shi kamar yashi. Amma allurar da ke kashe ƙwayar da ta gagare shi kaɗan ake aiko mana daga arewa, can ba a rasa ba, kuma tana kulle a kabad, makulli a wuyan Lokotoro. Ba ya fitar da ita sai da hujja.

Shekarar da ta ɓaci ita ce wadda ruwa ya sauko daga duwatsu ya cika ƙorama, ya tafi da turakun lantarki. Wuta ta riƙa zuwa tana tafiya, firigo ya riƙa gumi, takardunmu da ke ciki suka fara mannewa da juna. A lokacin an ƙara mini girma, ni ke fito da takardu da safe in jera su a tire tun Tanti tana can tana ɗibar jini a ɗakin gaba. Ba a jima ba takardu suka fara fitowa fari. Wannan fari, wancan fari, har na ce ko duk ƙwayoyin garin sun yi taro sun rantse. Lokotoro ya yi ta buɗe kabad. Bayan kwana uku kuma faranti ya ce ƙarya ne, yawancin mutanen nan penisilin ma ya ishe su.

Tanti ta zargi sitaci ta sake wani. Ta zargi aidin, ta zargi ruwa, ta dafa komai sau biyu. Abin da ya fi ɗaure mata kai, duk takardar da ta ɗauko da kanta ta gwada da ƙwayar da ta riga ta sani, daidai take fitowa. Kafin a kai ko'ina kabad ya kusa zama wayam, abin da ya rage bai wuce na mutum ɗaya ba. Lokotoro ya shigo labo, abin da bai saba ba, ya ce daga yau kada ya ƙara jin zancen takarda, a koma kwana uku. Tanti ba ta yi musu ba. Ta sa takardun a gwangwani ta tura can ƙarshen firigo.

Bayan mako guda aka sa ni share firigon. Na fito da gwangwanin, na ga takardu sun manne, sai na yi abin da nake yi kullum ba tare da na sani ba, abin da duk wanda ya taɓa zaman shago yake yi in leda ta ƙi buɗuwa: na lashi babban yatsana na murza ta sama ta rabu. Na ajiye ta a tebur na ci gaba da shara. Can gwiwar hannuna ta ture kwalbar aidin, ya malala a kanta. Takarda ta yi shuɗi, ba ƙwaya ko ɗaya a jikinta, amma a tsakiya ga farin tabo, da zanen yatsa layi-layi, wanda ko jandarma ba zai buƙaci bincike ba. Na sake da wata, na jira, na ɗiga. Fari. Na ɗauki ta uku da hantsaki kamar yadda Tanti ke yi. Shuɗi tas.

Ashe yawu na narkar da sitaci. Ashe dokar farko da Tanti ta kafa mini, cewa a labo hannu ba ya zuwa baki, ba don kare cikina kaɗai ba ce. Ni na ɗauka tunda da safe ne, ban taɓa faranti ba tukuna, ba laifi. Na tattara takardun uku na jefa a kokot, na goge tebur, na kama bakina. In na faɗa, na san shago zan koma, kuma Baba zai ji cewa 'yarsa ta lashe kabad guda na magani. Kwana tara ina shiru, ni da ko a salla da ƙyar nake yinsa.

A rana ta goma aka kawo Habu. Magini ne daga wajen Magarya, suna aiki a In Ekker, bulo ya faɗo masa a hannun dama ya fasa ƙaramin yatsa. Ya ɗaure da tsumma ya sha kapsol ya ci gaba da aiki har hannun ya zama kamar burodi. Lokotoro ya tsaga ya matse mugunya, ya zana layi da bik, wato biro, a wuyan hannu inda jan ya tsaya, ya sa a fara masa penisilin, mu kuma muka shuka. Habu na kwance yana ce mini ƙanwata, in gaya wa Balaraben nan ya yi duk abin da zai yi amma ya bar masa hannun, don da shi yake riƙe cokalin gini, kuma mutum bakwai ke ci daga cokalin nan.

Washegari da safe jan ya haye layin bik da faɗin yatsa uku, Habu na rawar sanyi. A faranti ƙwaya ta tsiro, rawaya-rawaya. Tanti ta je ta roƙi a buɗe kabad. Lokotoro ya ce saura na mutum ɗaya, ga mata masu haihuwa suna zuwa, ba zai ƙarar da shi a kan zato ba bayan abin da ya faru. Penisilin bai yi kwana ɗaya cikakke ba, a ba shi lokaci, faranti zai yi magana jibi. In jan ya kai gwiwar hannu a tura shi babban asibiti, su kuma can in sun ga hannu haka ba sa dogon tunani kafin su yanke shi.

Da Tanti ta fita na jawo gwangwanin. Na ɗauki takarda da hantsaki, na shafa ƙwayar Habu, na jira, na ɗiga aidin. Fari fat, kuma wannan karon ba yatsana. Ƙarfe tara ke nan na safe. Na ɓoye takardar a ƙarƙashin tire. Na wanke kwalaben da na riga na wanke. Na share ɗakin har sau biyu. Na leƙa Habu, na dawo, na sake leƙawa. Sai da aka kira azahar, na ga an kai masa abinci ya kasa ɗaga cokali, sannan na je na tsaya a bayan Tanti na ce mata ina da magana, amma ta fara ajiye wayar da ke hannunta, don tana da zafi.

Ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba. Ta tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce kwana goma. Ta tambayi ƙarfe nawa na gwada ta Habu, na faɗa. Ta dubi agogo, ta ɗauki tire da aidin da gwangwani, ta ce in biyo ta.

Lokotoro na cin burodi da zaitun a buro, wato ofishinsa. Tanti ta jera takardu huɗu a gabansa da hantsaki. Ta farko ba a sa mata komai ba. Ta biyu ƙwayar da muka san penisilin na kashewa. Ta uku ƙwayar Habu. Ta nuna ta huɗu ta dube ni.

"Zuwera, yi masa yadda kike yi."

"Tanti, a gabansa?"

"Da a bayan wa kike yi?"

Na lashi yatsa na danna. Lokotoro ya daina tauna. Minti goman nan da muka jira, na rantse an yi azumi an yi salla a cikinsu. Tanti ta ɗiga aidin ɗaya bayan ɗaya. Ta farko shuɗi, ta biyu shuɗi, ta Habu fari, tawa fari da zanen yatsa. Ya ɗaga ta huɗun ya duba a hasken taga, ya kama hannuna ya juya babban yatsan ya duba, kamar mai sayen akuya. Ya tambaye ni da Larabci ko duk watannin nan haka nake yi. Na ce tun da firigo ya fara gumi. Ya ce a sake ta Habu a gabansa, shi zai ɗauko takardar da kansa, ni kuma in tsaya a bakin ƙofa hannuwana a baya. Aka sake, ta fito fari. Ya ciro makulli daga wuyansa.

Kafin la'asar an yi wa Habu allurar farko. Washegari jan ya tsaya inda yake, jibi ya fara ja da baya, kuma ranar ce faranti ya fito ya faɗi abin da takarda ta riga ta faɗa. Hannu ya tsira. Ƙaramin yatsan ne ya yi baƙi, Lokotoro ya cire shi a rana ta biyar.

Ba a kore ni ba. An mayar da ni kan kwalaben fitsari wata uku, aka kuma sa ni na bi gidajen waɗanda aka yi wa allurar kabad a banza, waɗanda ke gari, in gaya musu da bakina. Takardu kuma tun daga ranar ɗai-ɗai ake naɗe su, kuma duk safiya sai an gwada guda ba ƙwaya daga hannun wanda ya jera tiren. Baba ya ji labari, amma a karkace. Abokan Habu sun baza a kasuwa cewa wata yarinya ta yi tofi a takarda hannun mutum ya warke. Mako biyu ana sallama a gidanmu, wata tsohuwa har da kawo jikanta mai ƙurji, Inna na korarsu da muciya.

Ranar da aka sallami Habu ya leƙo labo da hannu a naɗe. Ya yi wa Tanti godiya, ya ce da ni ƙanwata Allah ya ba ki miji mai haƙuri, don ya ji an ce bakina ba ya hutawa. Ya ɗaga hannun ya motsa yatsu huɗu, ya ce cokalin gini bai san ƙidaya ba, zai riƙu. Ya tafi neman motar In Ekker.

Da ya fita ina bakin famfon wanki, Tanti na rubutu a rajista. Na tambaye ta, da tun ƙarfe tara na yi magana, da yatsan ya tsira? Ba ta ɗago daga rajistar ba.

"Ban sani ba, ɗiyata," ta ce. "Ba mu da takardar da ke gwada wannan."